Sau Uku, Ba a Jere Ba

Anas ɗalibin fasahar sadarwa ne a Gusau, Zulai kuwa malamar firamare ce a Kucheri. A tashar Tsafe suka haɗu, ta ɗaga waya sama tana neman sabis, ya nuna mata inda za ta tsaya. Ƙauna ba ta yi musu ƙaranci ba. Abin da suka rasa shi ne hanyar da magana za ta isa lafiya, domin sabis ɗin Kucheri yakan zo ya dusashe, ya cinye rabin zance.

Binciken Anas a kan wannan matsalar yake.

"Zulaina, a aikinmu ƙari ake yi wa saƙo, ko wani sashe ya ɓace a gano shi daga sauran," in ji shi. "Amma warwatsa shi ake yi, don kada ɗaukewa ɗaya ta haɗiye duka."

"To, Injiniyan da bai gyara mana komi ba," ta ce tana dariya, "magana mai nauyi sau uku ke nan, lokaci daban-daban."

Mahaifinta, Malam Tambaya, ya fi son Mannir mai shagon taki, wanda kullum ana ganinsa. Da ƙyar ya yarda magabatan Anas su zo ranar Alhamis.

Ranar Laraba aka yi wa su Anas rasuwa a Nahuce. Ya kira ta a gigice, ya ce an ɗaga zuwan sai bayan addu'ar bakwai. Sau uku ya faɗa, amma a jere, cikin numfashi ɗaya. Ita shiru kawai ta ji, kira ya yanke.

Alhamis aka shimfiɗa tabarmi, aka dama fura, maƙwabta suka zauna har la'asar. Ba wanda ya zo. Malam Tambaya da kansa ya naɗe tabarmin.

"Ba ni tilasta miki kowa, ɗiyata," ya ce a hankali. "Amma in Lahadi ta yi babu bayani, Mannir na nan."

Ta ce to, domin ita ma ta fara cire rai.

Duk da haka ta riƙe ƙa'idarsu. Juma'a da safe ta kira, bai shiga ba. Da yamma ta tura saƙo, ya maƙale. Ta wuni ba ta ci komai ba. Asabar da rana ta hau dutsen bayan makaranta, ta sake turawa:

"Injiniyana, Baba ya jira ku har la'asar. In ka fasa, ka faɗa min. Gobe Lahadi, daga nan shi ke nan."

Ta daɗe zaune a rana kafin waya ta yi ƙara.

"Zulaina, ban fasa ba. Rasuwa aka yi mana. Na faɗa sau uku, amma a jere. Laifina ne. Muna hanya."

Kafin magariba Anas yana durƙushe a zaure tare da kawunsa, yana bayanin yadda sabis ya cinye saƙonsa.

"Kai da ke karatun abin?" in ji Malam Tambaya. Sannan ya yi musu ta'aziyya, ya sa aka sake shimfiɗa tabarma.

Bayan girbi aka ɗaura aure, Malam Tambaya ya sa musu albarka.

Yau 'yarsu Rahama takan ji uwarta ta ce wa babanta "Allah ya kiyaye hanya" a ɗaki, ta sake a ƙofar gida, ta kuma tura masa a waya. Da aka ba ta labarin, Rahama ta gane cewa faɗar magana daban, isarta daban.