Lifta Ta Gyaru, Ta Ƙi Shiga

Ranar da ya fara ganinta, yana durƙushe ne a bakin liftar wani dogon benen ofisoshi, hannayensa baƙi ƙirin da giris. Tun da sassafe yake fama da ita don ta tashi kafin ma'aikata su cika wurin. Da ƙofar ta buɗe, mutanen da suka yi cirko-cirko suna jira suka yi ta sa masa albarka suna dannawa ciki. Ita kaɗai ta wuce su, doguwar riga da mayafi, takalmin gudu a ƙafarta, gorar ruwa a hannu, ta nufi matakala.

"Malama," ya ce, "an gyara fa. Da hannuna na gyara ta."

Ta juyo ta dube shi, ta dubi liftar. "Sannu da aiki, Injiniya. Allah ya ba ta lafiya mai ɗorewa. Ni dai ƙafata ba ta lalace ba."

Ta haye abinta. Ya bi ta da kallo har ta sha kwana, sannan ya tambayi dattijon da ke gadin benen ko wace ce.

"Mai zanen gidaje ce, can hawa na ƙarshe," in ji maigadi. "'Yar Bene muke ce mata. Ko liftar zinariya ka kawo, ba za ta shiga ba."

Kamfanin da yake wa aiki shi ke kula da liftar, kuma ɗakin injinta a can saman bene yake. Da can a lifta yake hawa ya duba shi. Daga ranar sai ga Injiniya ya tsiri hawa da ƙafa, kuma ba ya tashi hawa sai daidai lokacin isowarta. Ranar farko, ba su kai rabi ba ya dafa bango yana haki kamar wanda aka koro.

Ta tsaya a sama da shi tana danne dariya. "Injiniya, ko in sauka in kira maka lifta?"

"Ba gajiya na yi ba," ya ce da ƙyar. "Fentin bangon nan nake dubawa."

"To, in ka gama duba fentin, ga ruwa."

Ruwan nan shi ya buɗe musu ƙofar hira. Kullum ya zo, sukan ɗan tsaya a wata taga da ke tsakiyar matakalar, shi yana maida numfashi, ita tana kallon titi. A nan ta ba shi labarinta, ba tare da ya roƙa ba.

Ta taɓa son wani, ɗan kasuwa mai son ado, wanda ƙawayenta ke kira Ɗan Gayu. Magana ta yi nisa har iyaye sun shiga. Da hannunta ta zana gidan da za su zauna, har inda za ta dasa furanni. Ana gab da gama ginin ya turo mata saƙo cewa ya sake tunani. Ba a jima ba ya auri wata, ya kai ta gidan.

"Na yi watanni ban san kaina ba," ta ce. "Ba na barci, ina ta bin hotunansu a waya. Abincina lemon kwalba da biskit. Na kumbura, kaina kullum ciwo. Ran nan a ofis jiri ya ɗebe ni na faɗi. Likita ya auna ni ya ce, 'Ke da ƙuruciyarki, jininki ya hau haka?' Na dawo gida na ga Ummana tana kuka a ɓoye. Sai na ji kunya. Wanda ya tafi yana can yana barcinsa, ni ina kashe kaina a kansa."

"Shi ne kika fara hawa bene?"

"Da shi na fara. Na goge lambarsa, na daina lemo, na koma dafa abincina da ganye. Waya kuwa da na yi sallar isha'i nake kashe ta. Ranar farko a wannan tagar na zauna ina kuka, ƙafafuna suna rawa. Yanzu ka gan ni." Ta ɗaga kai, fuskarta cike da alfahari. "Ba don kowa nake yi ba. Don kaina nake yi."

Yana kallonta, ya ji wani abu ya zauna masa a ƙirji wanda ba haki ba ne.

Shi ma yana da nasa tabon. Wadda ya so ta bar shi lokacin da ya tafi koyon aiki a nesa, kuma a can ya fara shan taba don ya rage tunani. Tunanin ya wuce, tabar ta zauna. Bai ɓoye mata ba, don ko ya ɓoye warin rigarsa zai tona shi. Ba ta yi masa wa'azi ba. Ta dai ce, "Yanzu na gane dalilin duba fenti."

Da yamma ya tura mata saƙo: "'Yar Bene, yau na gyara lifta uku, amma zuciyata ta maƙale a tsakanin hawa biyu. Ke kaɗai ce za ki iya sauko da ita."

Ta amsa: "Injiniyana, ka bar ta a nan, ni zan hawo in same ta. Amma ka sani, ban iya son wasa ba. An taɓa yi da ni."

"Zumata, ni ma ban zo da wasa ba. Yaushe zan zo in gaida Abba?"

Ranar da ya je, ya yi wanka ya fesa turare, ya tauna cingam tun daga gida. Mahaifinta tsohon direban manyan motoci ne, yana zaune a falo, ƙaramin maganin shaƙa a kusa da hannunsa. Injiniya ya durƙusa ya gaishe shi. Abba ya amsa da fara'a, ya tambayi iyayensa da sana'arsa, sannan ya miƙa masa hannu. Da suka gaisa sai ya riƙe hannun, ya juya shi, ya dubi yatsu biyun da suka yi launin ɗorawa. Fara'ar ta ɗauke.

"Yaro, kana shan taba."

"Ina sha, Abba."

"Na ji daɗi da ba ka yi mini ƙarya ba." Tari ya sarƙe shi, sai da ya shaƙi maganin sannan ya ci gaba. "Ka ga wannan? Ni ma haka na fara, a kan hanya, wai don kada barci ya ɗauke ni. Yau daga nan zuwa ƙofar gida sai na huta. Uwarta ta ƙare ƙuruciyarta tana jinyata. Yarinyar nan da ƙyar ta tsamo kanta daga rami. Ba zan ɗauke ta in ba wanda za ta yi wa jinya ba. Ka yi haƙuri."

Bayan ya tafi, ta shigo falon idanunta sun ciko. "Abba, mutumin kirki ne."

"Na gani, Mamana. Ni ma mutumin kirki ne, ga ni nan ina tari."

Ba ta roƙi Injiniya ya daina ba. Abin da ta rubuta masa kawai shi ne: "Ba zan ce ka bari don ni ba. In don ni ka bari, ranar da na ɓata maka rai za ka koma. In za ka bari, ka bari don kanka. Ina nan."

Ya jefar da kwalin tabarsa a ranar. Kwanakin farko sun ba shi wuya. Kansa ya yi ta sara, ya yi faɗa da abokin aikinsa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Duk lokacin da sha'awar ta taso, sai ya kurɓi ruwa ya nufi matakala. A hankali ya fara wuce tagar nan ba tare da ya tsaya ba.

Ana cikin haka Ɗan Gayu ya dawo. Aurensa ya mutu, kuma ya hango ta wata rana a titi, ta murje, fatarta ta yi kyau, tana tafiya kamar ba ta taɓa sanin baƙin ciki ba. Sai ga shi a benen da zanen gidan nan a naɗe a hammata, wai yana so a ƙara masa ɗaki.

Injiniya ya shigo ɗauke da jakar kayan aiki, ya hango su a kujerun baƙi, takarda a shimfiɗe a tsakaninsu, mutumin yana murmushi yana matsowa.

"Wane ne wancan?" ya tambayi maigadi.

"Wanda ya fasa aurenta ne. Zuwansa na biyu ke nan."

Bai ƙarasa ba. Ya juya ya fita, zuciyarsa na raya masa cewa duk wannan hawa benen da gyaran jikin, ashe don a dawo da wancan ake yi. Me mai giris a hannu zai nuna a gaban mai gida da mota? Ya tsaya a wani kanti ya sayi kwalin taba. Ya daina ɗaukar wayarta, ya roƙi a tura wani ya riƙa duba liftar.

Ta yi ta kira har ta gaji. Sai ta rubuta: "Injiniya, an taɓa barina ta saƙon waya, na rayu. Amma ban zaci kai ko saƙon ba za ka iya turowa ba. In ka fasa, ka zo ka faɗa mini a fuskata."

Washegari da safe ta same shi tsaye a tagar matakala, kansa a ƙasa. Tun kafin ta ƙaraso ta ji warin.

"Na gan ku," ya ce. "Ke da shi, da zanen gidanku."

"Ka ga farkon, ka gudu kafin ƙarshe. Zuwan farko na ce masa aikin ba nawa ba ne, na haɗa shi da wani a ofis. Ya sake dawowa ya ce ba ɗaki ya kawo shi ba, ni yake so, wai na yi kyau. Ka san abin da na ce masa? Na ce, 'Wannan da kake gani ba taka ba ce. Taka ta faɗi a ofis, likita ya ɗauke ta. Wannan ni na gina ta, kuma na riga na ba wani makullin.' Na naɗe masa takardarsa na miƙa masa."

Ya ɗago kai a hankali. "Zumata, na zalunce ki da zato. Kuma na koma shan taba."

"Na ji. Ni ma sau biyu ina komawa lemo da kukan banza kafin in tsaya da ƙafata. Komawar ba ta ba ni tsoro ba, shirunka ne ya ba ni. Kada ka ƙara yi mini shiru."

"Ba zan ƙara ba, wallahi."

A wannan karon bai dogara da ƙarfin zuciyarsa kaɗai ba. Ya je asibiti, aka ba shi magani da shawara. Ya sauya hanyar da yake bi zuwa aiki don kada ya wuce kantin nan. Ya fara gudu da safe. Watanni suka shuɗe, launin yatsunsa ya goge, abinci ya dawo masa da ɗanɗano.

Sannan ya koma gidan Abba. Bai fesa turare ba, bai tauna komai ba. Ya durƙusa ya miƙa wa Abba hannu da kansa.

"Abba, na daina. Na faɗi sau ɗaya a hanya, na tashi. Ban zo in yi maka rantsuwa ba, na zo ne ka gani."

Abba ya duba yatsun, ya daɗe yana dubawa. "Likita ya ce in riƙa takawa kaɗan-kaɗan da yamma," ya ce, "amma ba ni da abokin tafiya. Za ka iya?"

Haka Injiniya ya zama abokin tafiyar Abba. Yana tashi daga aiki sai ya biyo, su taka a hankali zuwa bakin layi, tsohon yana dafe da kafaɗarsa. In tari ya taso, ya tsaya ya riƙe shi har ya lafa. Umma kan leƙo ta taga ta ce wa 'yarta, "Wai ke yake nema ko ubanki? Na ga sun fi shaƙuwa."

Wata yamma, a kan hanyar dawowa, suna isowa ƙofar gida, Abba ya tsaya ya dube shi. "Abin da ka yi, ni na kasa yin sa sai da ya cinye ni. Ina alfahari da kai, ɗana. Ka gaya wa manyanka su zo."

Injiniya bai iya jira ya isa gida ba. A bakin ƙofar ya rubuta mata: "Zumata, Abba ya ce ɗana."

Ta amsa daga cikin ɗaki, hawaye na ɗiga a kan wayar: "Na ji shi ta taga, Injiniyana. Barka da zuwa gida."

Aka ɗaura aure cikin 'yan uwa da abokan aiki, har maigadi ya zo da sabuwar hula, yana gaya wa duk wanda ya zauna kusa da shi cewa a gabansa aka fara. Da za a tafi da amarya, Abba ya miƙe da kansa, ba wanda ya tallafe shi, ya taka har bakin mota. Ya kama hannun 'yarsa ya ɗora a kan na mijinta.

"Mamana, kin tashi da kanki lokacin da muka rasa yadda za mu tashe ki. Kai kuma ka yi yaƙi da kanka ka ci nasara. Ku riƙe juna da gaskiya. Allah ya ba ku lafiya da tsawon rai, ya ba ku zuri'a mai albarka, ya sa ku tsufa tare."

"Amin, Abba," suka ce a tare.

Umma ta share hawaye tana murmushi. Amarya ta ɗan ɗaga mayafinta ta dubi angonta, shi ma ita yake kallo, ya ƙara damƙe hannunta.