Kwalabe Biyu a Cikin Ƙanƙara

Ta tagar da muke karɓar gwaji na hango masoyina yana tahowa da kula a hannu, yana murmushi kamar wanda ya zo na ɗaya a aji. Sai da na ji daɗi a raina, don kwana goma ke nan ba wanda ya yi min murmushi.

"Likitata, ga amanar Baba. Ko minti ɗaya ban tsaya a hanya ba."

Ni ba likita ba ce, ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje ce, na faɗa masa ya fi sau ɗari amma ya ƙi ji. Na ɗaga murfin kular. Kwalabe biyu na jinin mahaifina ne kwance a tsakiyar ƙanƙara, an jera ta gefe da gefe tsaf, aikin gwani.

"Wa ya ce ka sa su a ƙanƙara?"

Murmushin ya ɓace. Ya ce ba wanda ya ce masa, nas ta miƙa masa ne kawai ta ce ya yi sauri. Shi ya ga rana ta buɗe, ga hanya da nisa, kuma jini ne... ai a sanyi ake ajiye jini.

Shekara goma sha biyu yana gyaran firji. A wurinsa duk abin da ke da daraja a duniya sanyi ne gatansa, ni ma da zai iya da ya ajiye ni a ciki. Abin da bai sani ba, waɗannan kwalaben ba na ajiya ba ne, na reno ne. Akwai ruwan abinci a cikinsu, idan da ƙwayar cuta a jinin sai ta ci ta hayayyafa a cikin ɗumi, har na'urarmu ta gano ta ta yi ƙara. Sanyi kuwa kwantar da ita yake yi, wata ma ta mutu.

"Ka kwantar da cutar da muke nema barci!" na ce. "Baba ba shi da kwanakin jira..."

Ya tsaya riƙe da murfin kular, ruwa na ɗiga a kan takalminsa.

Mako uku da suka wuce aka yi wa Baba tiyata a hanji, a wani ƙaramin asibiti da ba shi da irin na'urarmu. An yi aiki lafiya, sai zazzaɓi ya zo ya ƙi tafiya. An canza magani sau uku. A ƙarshe likitansa ya kira ni gefe ya ce yana zargin wata ƙwaya ce dangin yis ɗin burodi ta shiga jini ta robar da aka zura wa Baba a jijiyar wuya, irin wadda magungunan da ake ba shi ko gezau ba sa sa ta yi. Maganinta da ke hannunsu mai ƙarfi ne, yana wahalar da ƙoda, ƙodar Baba kuma ta gaji. Ba ya son ba shi a kan zato, yana son mu nuna masa ita, kuma da wuri.

Oga, shugabar ɗakinmu, ta leƙo ta saman tabarau ta dubi kular. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce a sa su a na'ura duk da haka, a rubuta abin da ya faru a takarda, a ɗebo sabon jini yau-yau. Sannan ta tuna min da dokarmu, cewa jinin ɗan'uwanka ba kai ke taɓawa ba.

A nan matsalar take. Da safen nan Baba ya rantse an gama tsira masa allura, hannuwansa duk sun yi shuɗi. Yaya, babban wanmu, yana ta cewa zuƙe jinin tsoho kawai ake yi, gara a mai da shi gida. Kuma Yaya bai taɓa kiran masoyina da wani suna ba sai "mai firjin nan". Baba kuwa shekara guda ke nan duk lokacin da Mama ta ɗauko masa maganarmu sai ya ce za a gani.

A barandar asibitin da Baba yake kwance na tsayar da masoyin nawa. Fushina ya sauka, saura tausayi, kuma gaskiya ina son mutumin nan fiye da yadda nake nuna masa.

"Zan ce kwalaben sun suɓuce a hannuna sun fashe. Ni Baba zai yafe min."

"A'a."

"Masoyi, Yaya yana ciki fa..."

"Na gan shi. Sanyin idona, ni na ɓata, ni zan faɗa."

Muka shiga. Mama na gefen gado tana goge wa Baba goshi da tsumma, Yaya na jingine da taga. Ya durƙusa ya gaishe su, sannan ya faɗi komai, har da yadda ya fasa ƙanƙarar ƙanana don ta rungume kwalaben da kyau. Bai ce nas ba ta yi masa bayani ba, ko da yake ba ta yi ɗin ba.

Yaya ya yi 'yar dariya, ya ce dama ya faɗa, wanda aka ba aiken kwalba biyu ya kasa, shi za a ba mutum sukutum? Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baba ya daɗe yana kallon silin. Tsohon tela ne, bai saba yanka ba sai ya auna.

"Auta," ya kira ni a hankali, "in ba a sake ɗiba ba fa?"

"Za mu iya makara, Baba."

Ya juyo ya dubi wanda ke durƙushe. "Kai, Injiniya. Wa ya gan ka kana zuba ƙanƙarar?"

"Ba kowa, Baba."

Baba ya zaro hannunsa daga cikin bargo ya miƙa. "Ku kira ta ta ɗiba."

Wannan karon da nas ta miƙa masa kwalaben, sai ya tambaye ni ɗumi nawa suke so. Na ce kar dai su ji sanyi, kuma su isa da wuri. Ya naɗe su a hankici ya buɗe maɓallin rigarsa ya sa su a ƙirji. Na ce ba sai ya yi haka ba, jaka ma ta isa. Ya ce in bar shi. Haka muka hau babur ɗinsa, yana tuƙi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ni ina baya ina kuka ina dariya.

Daga nan sai jira. Na'urarmu kamar durowa take mai ramuka, tana jijjiga kwalabe a hankali cikin ɗumi, tana duba su kowane minti goma. Washegari na yi aikin mutane da rabin hankali, kunnena yana wurinta. Shi kuma ya rufe shago ya zo ya zauna a bencin waje, duk fitowata sai ya miƙe, ni kuma in girgiza kai.

Kwana ɗaya da rabi, da hantsi, ta yi ƙara.

Oga ta ciro kwalbar, ta ɗiga ɗigo a kan ɗan gilashi, ta shafa, ta busar, ta rina. Mintunan nan goma sun fi min mako ukun tsawo. Ta sa a madubin duba ƙwayoyin cuta ta daɗe tana juya shi, sannan ta ja kujera baya.

"Taɓawa aka hana ki, ba kallo ba. Zo."

Na sa ido. Ga su nan, masu siffar ƙwai, sun sha rini sun yi shuɗi mai duhu, wasu da 'yan ƙanana manne a gefe kamar uwa da goyo. Ban taɓa tsanar abu kuma in yi murnar ganinsa haka ba.

Oga ba ta jira an buga takarda ba, a tsaye ta kira likitan. Ta ce masa yis ne a jini, kar kowa ya ce dattin fata ne, sunan irinsa zai biyo baya. Kafin la'asar an cire robar wuyan an fara sabon magani, ana auna ƙodar kullum.

Kwalaben ƙanƙara ma sun yi ƙara, amma sai a rana ta huɗu. A lokacin zazzaɓin Baba ya fara sauka har ya nemi shayi. Da na gaya wa Yaya, ya ƙirga kwanakin a yatsunsa. Bai ba kowa haƙuri ba, Yaya ke nan, amma da yamma na ji yana tambayar Mama ko Injiniya ya ci abinci.

An ci gaba da ɗibar jini har ya fito fes, kuma kowace kwalba a ƙirjin nan ta yi tafiya. Ranar da za a sallame mu, Baba ya sa aka kira Injiniya.

"Shekara arba'in ina ɗinki," ya ce. "Na zauna da masu ɓata yadi iri-iri. Yawanci sai su tura shi ƙarƙashin tebur su ce haka aka kawo shi. Wanda zai ɗauko ya ce ni na yanka ba daidai ba, ban ga biyar ba."

Mama ta fara share ido da gefen mayafinta.

"Ka ce wa manyanka su zo su same ni."

Injiniya ya sunkuyar da kai. Ni kam na ɓoye fuskata a bayan Mama, hawaye na zuba ba ƙaƙƙautawa.

"Sharaɗi ɗaya," in ji Baba, yana gyara filo. "Ita ma ba ta son sanyi. Inda ka ɗauki kwalaben nan, nan za ka ɗauke ta."