Wadda Ta Rushe Tubali

"A gaban kowa, Sa'adiya? A gaban kowa?!"

Halimatu Sa'adiya ta tsaya cak a ƙofar zauren gidansu da ke Unguwar Gai, kofin zoɓon da ta kawo masa yana hannunta. Tunda Muhyiddeen ya fara zuwa zance daga Rano ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ko tabarmar da aka shimfiɗa masa bai kalla ba.

"Yaya Muhyi, ka zauna mana ka sha ruwa..."

"Ba zama ya kawo ni ba. Me na yi miki?"

"Gwaji ka ba ni, gwaji na yi."

"Gwaji na ce, ban ce ki tsire ni a kasuwa ba!"

Tubali ne ya jawo wannan rigima. Wata manhaja ce da Muhyiddeen ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana haɗawa, wadda mutum zai gina shafin intanet da ita nan da nan. Ka ɗauko hoto ka ajiye nan, ka ɗauko rubutu ka ɗora can, kamar mai jera bulo, ba sai ka haddace yaren kwamfuta ba. Kafin ya fito da ita duniya sai ya raba wa mutane kaɗan su gwada, ya buɗe musu zauren tattaunawa a intanet, ya ce duk wanda ya ga aibu ya rubuta a can. Sa'adiya na cikinsu, don difloma gare ta a fannin kwamfuta, a aji ma suka fara haɗa ido.

To, mutanenmu da kara! Zauren ya cika da "Masha Allah" da "Allah ya ƙara basira", ka ce walimar sauka ake yi. Bushra, 'yar ƙanwar mahaifiyarsa, wadda ta daɗe da sa masa ido, ita ta fi kowa zuba yabo, alhali ko sau ɗaya ba ta taɓa buɗe manhajar ba.

Ita kuwa Sa'adiya da gaske take yi. Shafi take gina wa matan unguwarsu masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Sai dai sabis ɗin Unguwar Gai baƙo ne mai kunya, ya leƙo ya koma, kuma da ya ɗauke sai Tubali ya share duk abin da ta gina. Ta faɗa masa a zance, ya yi dariya ya ce, "Gimbiyata, laifin sabis ɗin ƙauyenku ne." Ta sake faɗa, ya ɓige da yabon lallen hannunta. Da ta ji wata ƙungiya za ta zo Rano ta zaɓi manhajar da za a koya wa matasan karkara, kuma a gaban jama'a za a nuna Tubali, sai ta zauna ta rubuta komai dalla-dalla a zauren tattaunawar.

"Sau nawa na faɗa maka a nan, a kan tabarmar nan?" Sa'adiya ta ce masa. "Waɗanda za a koya wa irina ne, Yaya. Sabis ɗinsu irin nawa ne."

"Ashe Bushra ta yi gaskiya."

"Me ta ce?"

"Ta ce so kike a san kin fi ni."

Kofin ya suɓuce, zoɓo ya malale a ƙasa. Ya tada babur ɗinsa ya tafi, ko waiwaye bai yi ba.

Bushra kuwa ba ta yi ƙasa a gwiwa ba. Ta kai wa Hajiya Dije, mahaifiyar Muhyiddeen, labarin da gishirinsa da yajinsa, wai yarinyar Unguwar Gai ta zagi sana'ar ɗanta a idon duniya. Ba a jima ba saƙo ya iso gidan su Sa'adiya cewa a dakata da maganar sa rana. Hajiya ta ce yarinyar da tun a waje take tona wa namiji asiri, in ta shigo gida sai abin da Allah ya yi.

Sa'adiya ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Tana son Muhyiddeen, so na haƙiƙa, irin wanda ke hana cin tuwo.

Kakarta Inna Fanta ta same ta a ɗaki tana jan majina.

"Ke 'yar nan, ki goge abin da kika rubuta mana. Ki ce shaiɗan ne. Namiji da yabo ake kama shi."

"Inna, in kin ga rigar mijinki Malam ta yage ta baya zai fita masallaci, shiru za ki yi?"

Tsohuwar ta girgiza kai.

"A'a. Amma ni a ɗaki zan faɗa masa."

"Na faɗa a ɗaki, bai ji ba."

"To, Allah ya kyauta. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba."

Ba ta goge ba. Sau da yawa ta kai yatsa, ta janye. Muhyiddeen kuma ɗif, ba waya, ba aike.

Ranar nuni ta zo. Duk masu gwaji an gayyace su, don haka Sa'adiya ta zura hijabinta ta hau mota zuwa Rano. Ɗakin taron cibiyar koyon kwamfuta ya cika maƙil. Ta samu kujerar baya a ɓangaren mata ta raɓe. Can gaba ga Hajiya Dije, ga Bushra kusa da ita ta sha ado, tana raba murmushi kamar ita ce amarya.

Muhyiddeen ya rame. Nan take ta gani, zuciyarta ta karye.

Ya fara aiki a wata babbar kwamfutar tebur, ana haska wa jama'a a bango. Kan ka ce kwabo ya gina shafin wani shagon ɗinki, da hotuna da lambar waya da komai. Aka yi tafi. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Mika'ilu, ya gyara gilashinsa.

"Ya yi kyau, samari. Amma mu ƙauye za mu kai shi. In sabis ya ɗauke fa?"

Sa'adiya ta sunkuyar da kai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Muhyiddeen ya ɗauki lasifika.

"Ranka ya daɗe, ba ni zan amsa ba. Akwai mai gwajin da ba ta san kara ba. Malama Halimatu Sa'adiya, don Allah ki fito ki rushe shi."

Kawuna suka juyo. Bushra ta taɓe baki. Sa'adiya ta miƙe ta isa gaban teburin.

"Da gaske kake?" ta ce ƙasa-ƙasa.

"Ki zare modem ɗin da ke kawo sabis."

Ta zare. Sabis ya ɗauke, shafin na nan daram.

Aka fara tafi, amma ita ba ta gama ba. Mai hali ba ya fasa halinsa. Ta tuna wutar lantarkin garinsu, wadda ta fi sabis ɗin ma rashin alƙawari, ta sunkuya ta fizge wayar wutar daga bango gaba ɗaya.

Bango ya yi baƙi ƙirin.

"Innalillahi!" Hajiya Dije ta dafe ƙirji.

"Kun gani ko? Da gangan ta yi!" Bushra ta miƙe tsaye. "Hassada ce wallahi!"

Sa'adiya ta dubi Muhyiddeen. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, amma murmushi yake yi.

"Ki mayar," ya ce.

Ta mayar. Kwamfutar ta yi ta nuƙu-nuƙu kafin ta farka. Sa'adiya ta runtse ido tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Ihun jama'a ne ya sa ta buɗe.

Ga shagon ɗinki nan, ko hoto ɗaya bai ɓace ba!

Alhaji Mika'ilu da kansa ya miƙe yana tafi.

"Wannan shi muke nema! Shi za mu ɗauka!"

Muhyiddeen ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Jama'a, da ta rubuta aibun nan fushi na yi. Sai abokina Zailani ya same ni ya ce shi ma ya sha share masa aiki, nauyina ya ji ya yi shiru. Na ɗauki kwamfuta na tafi ƙauyen Rurum na gwada, ya share mini a kan idona. Na rantse ba zan iya haɗa ido da ita ba sai na gyara. Yanzu kowane tubali ka ɗora, nan take yake ajiye shi a cikin kwamfutarka. Kowa ya yabe ni, mutum ɗaya ce ta cece ni."

Alhaji Mika'ilu ya ce in haka ne, Sa'adiya ma suna son ta cikin masu koyarwa. Da aka waiwaya, kujerar Bushra ba kowa.

A bakin ƙofa Hajiya Dije ta tare ta. Sa'adiya ta durƙusa har ƙasa.

"Hajiya, ina wuni..."

"Tashi, 'yata." Ta kamo hannunta ta riƙe gam. "An ce mini tona asiri kika yi, ashe rufa shi kika yi. Ki gaya wa Innarki ta share zaure, iyayensa maza na tafe."

Hawaye suka zubo wa Sa'adiya, na daɗi wannan karon.

Bayan sallar la'asar ɗin ranar da aka sa rana, babur ya tsaya a ƙofar gidansu. Wannan karon ba a ce masa ya zauna ba, da kansa ya nemi tabarma.

"Hasken idona... kin yafe mini?"

"Ina kan gwaji tukuna."

"Ni ɗin ma? To me kika gano?"

"Aibu ɗaya. Da an faɗa maka gaskiya sai ka ɗauke kamar sabis ɗin garinmu."

Ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi.

"Za a gyara, ranki ya daɗe. Amma don Allah wannan kada ki rubuta a zaure."

Ta miƙa masa kofin zoɓo, hannunta ko gezau.

"In ka ji a ɗaki, Yaya Muhyi, me zai kai ni zaure?"