Ta'aziyyar Uwar da Ke Raye

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun baza kunnuwa.

Sauda na tsakar gidan baffanta a Goronyo tana tsintar shinkafa, sai ga sallamar Inna Adama daga Giyawa, ta zo ganin yarinyar da ɗanta Ja'afar zai aura.

Ita Sauda a Ibadan aka haife ta. Mahaifinta mutumin Goronyo ne mai fataucin albasa, mahaifiyarta kuwa Bayaraba. Da uban ya rasu, baffanta ya ɗauko ta gida. Can ana ce mata 'yar Hausa, nan kuma 'yar Yarbawa. Ja'afar kaɗai ne bai taɓa dariyar Hausarta ba, shi ya sa ta ba shi zuciyarta duka.

Ta durƙusa ta gaida tsohuwa. Inna Adama ta dafa kan yarinyar.

"Allah sarki, marainiyar Allah! Ba uba, ba uwa. Allah shi jiƙan mahaifiyarki, ɗiyata."

Faifan shinkafa ya suɓuce daga hannun Sauda.

"Inna, wace mahaifiya? Ɗazu-ɗazun nan muka gama waya da Mamana!"

"Mi kic ce? Ai Ja'afar yac ce mani ta rasu tun kina goye!"

Da la'asar Ja'afar ya tsaya da babur ƙofar gida yana murmushi. Sauda ta fito idanunta jawur.

"Kai ka kashe mini uwa?"

"Sori, Sauda, filis ki saurare ni! Kin san mutanenmu. In sunka ji uwarki Bayaraba ce, surutu za a yi ta yi. Na ce bari a ɗaura aure tukuna..."

"Shi ya sa ka ce kada ta wahalar da kanta da doguwar hanya ranar biki?"

Ya sunkuyar da kai.

"Matar da ta yi tallan gurasa a tasha don in yi karatu! Masu yi mini dariya a fili sun fi ka, Ja'afar. Su ban taɓa ba su amana ba."

"Don ina son ki na yi!"

"Rabina kake so. Ɗaya rabin ka binne shi da rai."

Ta shige gida. Kwana uku tana kuka, a na huɗu ta roƙi baffa ya mayar da kayan Ja'afar. Inna Adama da kanta ta ce yarinya ta yi daidai, ƙaryar ɗanta ta fi komai ba ta kunya.

Sauda ta yi haƙuri da tsegumin gari har shekara ta zagayo. Sai Allah ya kawo Mujaheed, wani manomin rani daga Wurno. Ranar da ya fara zuwa zance, abin da ya tambaya shi ne:

"Yaya aka gaida babba da yaren Mama? Koya mani, in Allah ya so ni zan tai Ibadan da ƙafata."

Ya kuwa je. Ranar biki Mama ta zauna a tsakiyar mata da ƙaton ɗaurin kallabinta, Sauda na gefenta.

To yarana, duk mai son ku da gaskiya ba zai ce ku ɓoye wadda ta haife ku ba.

Ƙurunƙus, nan tawa ta tsaya.