Man Keke a Kofin Shayi

Da safiyar Litinin aka kai rahoto ofishin 'yan sanda na unguwar Sunshine cewa an ɗauke keken ɗinki ɗaya daga masana'antar riguna da aka rufe a watan jiya. Rigunan waje masu arha ne suka kashe ta. Kekunan an riga an sayar da su, ana jiran motar da za ta kai su tashar jirgin ruwa.

Insfekta Marika Doukas ta tarar ba a ɓalle ƙofa ba. Sababbin kekuna na jere, ba a taɓa su ba. Wanda aka ɗauke tsoho ne, na ƙarshen layi. An share gurbinsa tas, a kan taga kuma ga kofin shayi cike da man keke, an rufe shi da faranti.

Ta daɗe tana kallon kofin. Mahaifiyarta ta yi ɗinki a irin wannan wuri, ta san babban keke yana da kaskon mai a ƙarƙashi, in ba a tsiyaye shi ba kafin a karkata, sai ya malale. Ɓarawon titi ba ruwansa da ɓata wa mutane daɓe.

Maigadi, Dragan Ilic, ya rantse bai ga kowa ba.

"Ranki ya daɗe, wa zai saci wannan tsohon ƙarfe? Ya girme ni, ya kuma fi ni tari."

"Wa ke da mabuɗi?"

"Ni kaɗai."

"To kai ne ke nan."

Dragan ya daina dariya. Can ya ce Loretta Camilleri, shugabar maɗinka, ba ta mayar da nata ba. Ya roƙi a bi ta a hankali.

Insfekta ta same ta a ajin da gwamnati ta buɗe wa waɗanda suka rasa aiki. Matan da suka ƙare ƙuruciyarsu kan wuyan riga suna koyon ɗaga mutum-mutumi daga gado, don aikin kula da tsofaffi. An riga an yi wa Loretta alkawarin aiki a wani gidan tsofaffi. Abu ɗaya ya rage, shaidar 'yan sanda cewa ba ta taɓa laifi ba.

Loretta ta ce mabuɗin ya ɓata, kuma tun ranar rufewa ba ta taka wurin ba.

A waje Insfekta ta leƙa motar Loretta. Akwai kujerar jarirai a baya, da buhun yadin kayan makaranta da aka yanka, ba a ɗinka ba. Wata 'yar ajin da ta fito shan iska ta ce kujerar ta 'yar wata maɗinkiya ce mai suna Hanh, Loretta ke ɗauko ta daga gidan raino.

Da Insfekta ta tambayi dalilin da Hanh ba ta cikin aji, matar ta taɓe baki. Hanh a gida take ɗinki, masana'anta na aika mata yadi tana mayar da riguna, shekara da shekaru. Sunanta bai taɓa shiga cikin ma'aikata ba, don haka ba tallafi, ba aji. Keken da suka ara mata ma sun karɓe.

Tun daga bakin titi Insfekta ta ji ƙarar keke a garejin Hanh Luong. Yarinya na barci a kan tulin yadi, an toshe mata kunne da hular ulu. Hanh ta ce a kasuwar Lahadi ta sayi keken, a hannun wani mutum da ba ta sani ba.

Insfekta ta ce mata a hankali sai ta zo ofis, ta ce ta kira wanda zai riƙe mata yarinyar.

Loretta ce ta zo. Ta dubi Hanh da ke neman takalmi, ta dubi yarinyar.

"Zauna, 'yar nan. Ba inda za ki."

"Anti, don Allah ki yi shiru."

"Ni na ɗauko. Ita kuwa, ce mata na yi kamfani ne ya ba ta keken kyauta."

Ta ce duk rigar da ta fita da wuya mai kyau daga hannun Hanh ta fito, kuma ita Loretta ce ta riƙa hana ta shiga cikin ma'aikata, tana ce mata zaman gida ya fi wa mai goyo. Da gwamnati ta zo, sai ga shi kowa na da kujera a aji ban da Hanh.

"Kin san abin da wannan zai yi wa shaidarki?" in ji Insfekta.

"Na sani tun ina tsiyaye man." Ta ɗan murmusa. "Kofin ne, ko? Hannuna ya ƙi barin daɓe da mai. Shekara nawa ina yi wa mata faɗa a kansa."

Insfekta ba ta fito da ankwa ba. Ta ce za ta rubuta duk abin da ta gani, amma keke sai ya koma, kuma ba ta yi wa kowa alkawari ba.

A bakin ƙofa Loretta ta miƙa wa Hanh mabuɗin motarta, ta ce ta cire kujerar yarinyar, gobe ba mai ɗauko ta. Sannan ta shiga bayan motar 'yan sanda ta zauna.