Wa Ya Sace Dattijo?

Sufeto Jibirilla na ofishin 'yan sandan New Bell yana hararar kwanon dafaffen ganyen da matarsa ta haɗo shi da shi, sai ga Dokta Najiba ta faɗo ba ko sallama.

"An sace Dattijo!"

Sufeto ya zabura. "Mahaifinki?"

"Ɓerana."

Da wata ce, da ya nuna mata ƙofa. Amma Najiba ba ƙaramar masaniya ba ce. Bincikenta a kan ƙwayoyin halittar jiki ne: in an rage wa jiki abinci, ƙwayoyin kan share dattin cikinsu, tsufa ya yi jinkiri. Dattijo, farin ɓeran da ta ƙayyade wa abinci tun yana jariri, ya binne duk tsararrakinsa. Tun ranar da ta yi wannan bayani a rediyo, matan unguwa suka ɗauke tukunyar mai, magidanta suka shiga uku. Shi kansa Sufeto ya ƙara huda a bel ɗinsa.

"Ruwa ya shiga ɗakin bincikenmu, na kawo kejin gida," in ji ta. "Gobe masu duba aikina za su zo auna shi. In babu shi, wahalar shekaru ta tafi a banza."

A gidan, keji a buɗe yake, ba a ɓalle komai ba. Sufeto ya shafa murfin, ya lashi yatsa. Yajin tsire. Ƙwalla ta cika masa ido, kuma ba don zafi ba, sai don kewar nama.

Ya nufi Bilya mai tsire a bakin layi.

"Kai ka fi kowa jin haushin Dokta."

"Shef, ranka ya daɗe, ai ta kashe mu! Wallahi ko tsinke ɗaya ban sayar wa gidan nan ba tun rediyo."

"To guga da igiyar da ke rataye a katangarsu fa? Akwai rijiya a kan titi?"

Bilya ya hau juya naman da bai buƙaci juyi ba. "Bon, to... ana zuro guga, ina sa tsire. Ban ga fuskar kowa ba. Sai dai kwanan nan an ce in riƙa yanka wani ƙanana-ƙanana."

Igiyar ta kai Sufeto tagar Alhaji Badamasi, mahaifin Dokta, tsohon ma'aikacin tashar jiragen ruwa. Yana zaune da carbi, ga kwanon ganye ba a taɓa ba.

"Alhaji, yaushe rabonka da nama?"

"Tun babbar salla, ɗana. Ni mai bin dokar likita ne."

"Gemunka na ƙyalli."

"Man shafawa ne."

"Aljihunka kuma na motsi."

"Tsufa ne. Jiki na rawa."

Nan take wani farin kai ya leƙo daga aljihun rigar, gashin baki jajir da yaji. Dattijo ne, ya yi ƙiba har aljihu ya yi masa kaɗan.

Najiba ta dafe kai. "Baba! Ka rusa mini aiki!"

Alhaji ya ajiye carbi. "Ni na ɗauke shi, ba na musu. Kullum in na wuce keji sai ya dube ni, in dube shi. Fursunoni biyu a gida ɗaya. Na ce ɗan'uwa, fito mu ci." Muryarsa ta yi ƙasa. "Najiba, na san tun rasuwar uwarki kike tsoron in bi ta. Amma abokaina na cin abinci a zaure, ni ina ɗaki da ganye kamar akuya. Wannan tsawon rai ne ko tsawon zama?"

Ta karɓi ɓeran, tana shafa bayansa. Tausayin tsohon ya kama ta, kuma ta san gobe sai dai ta faɗa wa baƙinta gaskiya.

"An riga an shigar da ƙara, Alhaji," in ji Sufeto. "Sai ka biyo ni ka ba da bayani."

Sun kai ƙofa, Najiba ta share ido ta ce, "Sufeto, ku bi ta wajen Bilya. Tsinke biyu kawai."

Sufeto Jibirilla ya juyo a hankali.

"Pardon, Dokta. Kowannenmu?"