Madmazel Mai Cikin Wata Shida

"Auren da aka ɗaura gaban Ubangiji ba ya neman sa hannun magajin gari."

Haka Mushe Daniyel, wato Malam Daniyel, tsohon malamin lakwal ta boko kuma dattijon majami'a, ya faɗa ranar auren ɗiyarsa Lois da Natanayel. Ya faɗa da Hausa, ya maimaita da Faransanci, jama'a ta yi ta tafi. Ango ya so su biya ta meri, ofishin magajin gari, a yi na takarda. Amma ya dubi fuskar surukinsa, ya haɗiye maganar.

Bayan shekara biyu, Lois na tsaye gaban gilashi a ofishin jakadanci, da ciki wata shida. Natanayel ya samu aiki a Turai, ita kuma tana neman bizar bin miji.

Matar da ke bayan gilashin ta jujjuya takardar majami'a, mai zanen kurciya biyu.

"Ta yi kyau, madmazel. Ina ta meri?"

"Madam," in ji Lois.

"A wurinmu madmazel ce. In ba takardar meri, ba aure."

Mutanen da ke layi suka dubi cikin, suka dubi silin.

Lois ta ja mayafi ta rufe abin da ba ya rufuwa...

Tun cikin taksin unguwarsu Bobiel ta kira Natanayel.

"Sheri, masoyiyata, sun karɓa?"

"Kada ka ce mini sheri! An ce ban san ka ba!"

"Lois, hasken idona, tsaya..."

"Da ka buɗe baki ran nan!"

"Babanki ne fa..."

"Kai kuma mijina ne! Ko da yake yau an gyara mini."

Ta kashe wayar. Kwana tara ba ta ɗauki kiransa ba.

A gida, Mushe Daniyel ya cire tabarau don a gane ransa ya ɓaci.

"Aure na biyu? To na farkon mene ne, wasan yara?"

"Baba, ina so in haihu kusa da mijina."

"Su Turawan su zo su tambaye ni!"

Turawan ba su zo ba. Inna Dabora, matarsa, tana gefe tana yanka kuɓewa. Washegari ta raka Lois meri, suka ajiye takardu.

Aka manna sanarwa a bango yadda aka saba: Natanayel, bai taɓa aure ba, zai auri Lois Daniyel, budurwa.

Esta ce ta fara gani. Esta mawaƙiya ce a majami'a, ta daɗe tana ambaton Natanayel cikin addu'o'inta tun kafin a kai gaisuwa gidan su Lois. Ta ɗauki hoton sanarwar, ta tura wa zumuntar mata a waya.

"Mu sa ƴar'uwarmu a addu'a," ta rubuta.

Kafin yamma addu'ar ta kai har unguwar Banifandou.

A kasuwar Petit Marché mai tumatir ta ce, "Amarya! Ashe da saura?"

Lois ta bar tumatirin, ta bar kasuwar, ta bar zuwa sujada.

Ranar wata Laraba ta ji sallama. Natanayel ne, da jaka ɗaya da hutun kwana bakwai. Ya rame.

"Me ka zo yi?"

"Neman aure."

"An riga ka."

"Na sani. Wani matsoraci ne. Na zo in karɓe ki daga hannunsa."

Ta so ta ci gaba da fushi, dariya ta ƙwace mata, kuka ya biyo baya.

"Natan, sun kalli cikina..."

Ya durƙusa.

"Ni na yi shiru, ke kika sha kallo. Ki yafe mini, rabin raina."

"Tashi, kada Esta ta ɗauki hoto."

An ɗaura auren ranar Alhamis da safe, cikin minti goma sha biyu. Mushe Daniyel bai je ba. Ciwon kai ya kama shi ƙarfe takwas daidai. Shaidu su ne Inna Dabora da maƙwabcinsu Abdoulkarim tela.

"Madmazel Lois, kin yarda?" in ji jami'in.

"Tun shekara biyu."

"E ko a'a."

"E!"

Hatimi ya sauka. Natanayel ya matse hannunta a ƙarƙashin tebur.

"Madam," ya raɗa mata.

Saura majami'a. An fara cewa dattawa za su zauna, su tambayi Mushe Daniyel yadda aka yi ɗiyar dattijo ta zama abin hira a bangon meri.

Ranar Lahadi, a taron zumuntar mata, Inna Dabora ta miƙe. Shekara goma sha ɗaya tana shugabancinsu.

"Ƴan'uwa, laifina ne. Bayan biki Mushe ya ba ni takardu in kai meri. Na sa su a akwati, na manta."

Duk matan nan sun ji jawabin Mushe ranar biki, sun kuma tafa masa. Su ma da hannunsu a ciki, shi ya sa suka gaskata ta da sauri. Aka yi mata addu'a, aka kuma ga ya dace ta huta da shugabanci. Uwar Esta ta karɓa, ba don tana so ba, in ji ta.

Dattawa ba su zauna ba.

Ranar da biza ta fito, Lois ta sami uwarta a madafa.

"Inna, don me kika yi haka?"

"Ke je ki wurin mijinki. Nawa, ni na san yadda nake riƙe shi."

Da aka kai abinci, Mushe Daniyel ya gyara murya.

"Dabora, na ji abin da kika faɗa a zumunta. Mantuwa halin ɗan Adam ce. Na yafe miki."

"Na gode, Mushe," ta ce.

Ta ƙara masa miya.